Amsa ga ɗan wasan kwaikwayon da tramol ta kama, yana kuma ɓoye da sirri

Wani matashi daga nan Maradi ya rubuto mini cewa: "Likita, shekarata 29, ɗan wasan kwaikwayo ne ni, ina yin na dandali ina kuma fitowa a fim. Shekara huɗu ke nan ina shan tramol. Da rabin ƙwaya na fara, yanzu sai na sha ƴar 225 guda huɗu a yini, da dare in ɗora diyazefam don in samu barci. Sau biyu na faɗi ina jijjiga, aka ce iska ce. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tun ina yaro maza ƴan'uwana nake sha'awa. Na yi addu'a, na yi azumi, na sha rubutu, bai tafi ba. Inna tana matsa mini in yi aure. Wani lokaci sai in ga gara in mutu. Yaya zan bar ƙwaya, kuma yaya zan zauna da kaina?"

Ƙanena, da maganar mutuwa zan fara, don ita ce ba ta jira. Idan tunanin ya wuce "gara in mutu" har ka fara tsara yadda za ka yi, ranar kada ka zauna kai kaɗai, kada kuma ka jira gari ya waye. Ka tafi sashen gaggawa na asibiti ka ce kana tsoron abin da za ka yi wa kanka. Ba sai ka faɗi dalili ba. Ka kuma sani cewa ita kanta ƙwayar tana da hannu a wannan tunani, domin duk lokacin da ta fara barin jikinka duniya takan yi maka baƙi fiye da yadda take. Na ga samari da suka rantse mini ba su da sauran amfani, bayan wata uku da rabuwa da ita suna mamakin yadda irin wannan tunani ya taɓa zuwa musu.

Yanzu mu yi lissafi. Ƴar 225 guda huɗu miligiram 900 ke nan. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum mai ciwo na gaske miligiram 400 ne a yini, ka ga ka ninka shi har da ɗori. Tramol, wato tramadol, magani ne na kashe zafin ciwo, wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ya fito da shi kasuwa a 1977, kuma a asibiti ƙwayar 50 ko 100 muka saba bayarwa. Waɗannan na 120 da 200 da 225 da 250 da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa yawancinsu daga Indiya suke zuwa ta tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, kuma babu mai iya rantse maka cewa abin da aka rubuta a jikin takardar shi ne a ciki.

Aiki biyu take yi a ƙwaƙwalwa. Ta gefe ɗaya ƴar'uwar morfin ce, wato maganin zafin ciwo mai ƙarfi da jiki ke sabawa da shi, tana kashe zafi tana kwantar da jiki. Ta ɗaya gefen tana ɗaga sinadaran da ke sa kuzari da walwala, irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa ɗan kabu-kabu da mai aikin gona da kai ɗan wasa duka kuka same ta da daɗi: tana ɗauke gajiya, tana ɗauke kunya, baki ya buɗe. Wannan gefe na biyun ne kuma yake kada mutum da jijjiga idan abin ya yi yawa. Faɗuwarka sau biyu ba iska ba ce, tramol ce, kuma ta uku tana iya samunka kana bisa babur a tsakiyar kwalta. Ka ajiye tuƙi har sai likita ya ce ka koma. Ka gaya wa waɗanda kuke aiki tare, ko da da sunan "ina da ciwon faɗuwa", cewa idan ta kama ka su kwantar da kai a gefe ɗaya, kada su cusa maka cokali ko yatsa a baki, kada su ɗura maka ruwa, kuma miyau ba ya sa wa kowa ciwo. In ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye. Diyazefam ɗin da kake ɗorawa da dare ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita da tramol duka suna rage numfashi, idan aka haɗa su, balle a ƙara da giya, mutum yana iya kwanciya barci ya zarce.

Kada ka yanke su rana ɗaya. Na san zuciya tana so a yi rantsuwa ranar Juma'a a zubar da komai a masai, amma jikin da ya saba shekara huɗu ba ya jin rantsuwa. Cikin yini guda za a fara hamma da majina da gumi, gaɓɓai su yi ta ciwo, ciki ya murɗa, zawo ya zo, barci ya ƙaura. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan. Tramol tana da nata ƙari da sauran ƴan'uwanta ba su cika yi ba: faɗuwar gaba mai tsanani, ruɗewa, wasu har su ji murya ko su ga abin da babu. Diyazefam kuwa yanke ta farat ɗaya shi kansa yana kawo jijjiga. Mafi yawan masu cewa "na gwada na kasa" wannan suka gwada, suka sha wuya kwana uku, suka koma, suka ɗauka su ne ba su da zuciya.

Hanyar da muke bi ita ce ragewa kaɗan-kaɗan, likita yana lura. A daina sayen ta titi, a koma ta farmasi wadda aka san nauyinta, a riƙa rage wani kaso duk mako ɗaya ko biyu gwargwadon yadda jiki ya ɗauka, ita kuma diyazefam a bi ta a hankali fiye da haka. Tun da ka taɓa faɗuwa, wataƙila a kwantar da kai ƴan kwanakin farko, kuma idan an ce haka ka yarda. Ka je asibitin unguwarku ka nemi a tura ka wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin ka haukace, su ne dai suka san wannan aiki. Ka tafi da takardun ƙwayoyin a aljihu, ka faɗi adadin gaskiya. Kusan kowa yakan rage rabi don kunya, sai likita ya yi lissafi a kan ƙarya, a fara da abin da bai ishe shi ba. Kada kuma ka karɓi maganin damuwa ko na barci daga hannun aboki, don wasunsu, kamar amitiriftilin, suna ƙara haɗarin jijjiga idan suka haɗu da tramol.

Bayan jiki ya lafa, rashin barci da kasala da jin komai ba daɗi sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Nan ne mutane suka fi zamewa. Idan ka zame, ka dawo washegari, ba a fara lissafi daga sifili. Abu ɗaya dai ka riƙe: wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta, in ya koma kan guda huɗun da ya saba tana iya kashe shi. Idan kuma dangi suka gano suka ce za su kai ka gidan mari, ka nemi likitanka ya yi musu magana. A 2019 ƴan sandan Najeriya sun fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Sarƙa tana hana hannu kai wa ga ƙwaya, ranar da aka kwance ta kuma abin da ya kai mutum ga sha yana nan yana jiransa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kai da kanka ka haɗa maganganun nan biyu a saƙo ɗaya. Abokan aikinka idan darakta ya ce a tsaya, sun sauke rol ɗin ke nan, su wanke fuska su tafi fada shan shayi. Kai kuwa a fadar ne babban wasanka yake farawa. Kana lura da tafiyarka, da yadda hannunka ke motsi, da inda idonka ya sauka. Ana hirar ƴan mata ka ƙirƙiro taka, ana zagin masu irin halinka ka yi dariya tare da kowa, ka koma gida Inna ta kawo sunan ƴar wance. Tun kana yaro kake wannan aiki ba hutun rana ɗaya, kuma babu mai ce maka sannu don babu wanda ya san kana yi. Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya, idan ya samu ƙwayar da ke sauke masa shi na awa biyar, da wuya ya ƙi komawa. Wani masanin Amurka, Ilan Meyer, ya yi bayanin wannan a 2003: ɓoyo, da zaman jiran ranar tonon asiri, da ƙin kai da mutum ya haɗiya daga bakin jama'a, su ne ke sa ciwon damuwa da shaye-shaye suka fi yawa a tsakanin masu sha'awar jinsinsu. Wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka fitar a 2009 a kan matasa 224 masu sha'awar jinsinsu a Kaliforniya ta Amurka ya nuna waɗanda danginsu suka ƙi su ƙwarai sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai, fiye da sau 3 wajen shan miyagun ƙwayoyi. Kaliforniya ba Maradi ba ce, amma abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya bai saɓa da wannan ba.

A matsayina na likita zan gaya maka abin da ilimin likitanci ya tsaya a kai. Sha'awar da kake ji ba ciwo ba ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ta daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka ranar 17 ga Mayu 1990. Ba kai ka zaɓe ta ba, kai ne shaida, tun da ka ce tun kana yaro ka same ta. Ba tarbiyyar Inna ce ta gaza ba. Babu allura ko ƙwaya ko wani zama da likita da aka tabbatar yana juya ta, an gwada hanyoyi iri-iri shekara da shekaru, har da masu azabtarwa, abin da aka samu shi ne ƙarin baƙin ciki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya cire maka, kuɗinka zai ci. Ina faɗa maka wannan ne don ka daina auna darajarka da abin da ka yi shekara ashirin kana yaƙi da shi bai motsa ba. Ƙarfin da kake zubawa can, rabinsa ya isa ya raba ka da tramol.

Aure kuma ba magani ba ne. Yarinyar da za a kawo maka ƴar mutane ce, da nata burin, kuma na ga matan da suka yi shekaru suna zargin kansu, suna yawon neman maganin mallaka, ba su san abin da ke tsakaninsu da mijin ba laifinsu ba ne. Ba ni zan yanke maka yadda rayuwarka za ta kasance ba. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ɗaura aure, kada ka yanke wata babbar shawara, sai ka yi aƙalla shekara guda da tsabtataccen kai. Kana da amsar da za ka ba Inna wadda babu ƙarya a cikinta: "Inna, ba ni da lafiya, ina shan magani, ki ba ni lokaci." Uwa takan ji wannan.

Ka ambaci addu'a da azumi, don haka na san maganar Allah tana ci maka rai fiye da maganar mutane. Ka san abin da malamai suka faɗa game da aikatawa, ba zan yi kamar ban sani ba, kuma fatawa ba aikina ba ce. Amma su malaman da kansu suna rarrabe abin da zuciya ta ji ba da zaɓinta ba da abin da mutum ya aikata. Akwai kuma hadisin da Buhari ya ruwaito wanda nake so ka riƙe. Wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan sa Annabi (SAW) dariya, kuma an sha kawo shi saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi, yana cewa sau nawa ake kawo wannan. Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Mai ba da dariya ne kamarka, abin sha ya kama shi kamarka, an yi masa hukunci, amma an hana a la'ance shi, an kuma shaide shi da son Allah. Kai kullum kana la'antar kanka kafin kowa ya buɗe baki. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani sun bar salla don suna jin ba su cancanci tsayawa gaban Allah ba, sai ƙwaya ta cike gurbin. Idan ka bari, ka koma, ko da ranar ka sha.

Zama da kai lafiya ba ya bukatar shela. Za ka gani a intanet ƴan wasan Turai da Amurka suna fitowa su faɗa wa duniya, a tafa musu. Ƙasarsu daban, dokarsu daban. A nan Nijar, a watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya bayyana niyyar sa hukunci a kan wannan a dokar laifuka, kundin tafiyar da mulki da hukumomin soja suka kafa a watan Maris na 2025 kuma ya haramta shi a rubuce. Idan aiki ya ƙetara da kai Katsina ko Kano, dokar Najeriya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14, dokokin shari'a na jihohin sun fi haka tsanani. Kai kuma fuskarka sananniya ce. Saboda haka tsoronka hankali ne, kada wani ya ce maka ragwanci ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka kula da salularka, ka yi hattara da baƙon da ya faɗo maka a Facebook ko WhatsApp da zaƙin baki yana neman hoto ko haɗuwa, don da haka ake yi wa mutane tarko a tatse su. Ka lura kuma cewa ƙwaya ita ce babbar mai tona asiri, wanda ya bugu ba ya tsare bakinsa. Ko a asibiti, maganar tramol kaɗai ta wajaba ka faɗa. Riƙe sirri wajibi ne a kan kowane ma'aikacin lafiya, amma garin nan kowa ya san kowa, sai ka auna mutum kafin ka buɗe masa sauran. Idan ka taɓa kusantar wani ba kariya, ka yi gwajin sida da na ciwon hanta, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

To mene ne ya rage na karɓar kai, in an cire shela? Ya rage ka iya faɗa wa kanka gaskiya cikin kalmar da ba zagi ba. Ka duba saƙonka: ba ka kira kanka da sunan da ake jifa da shi a titi ba, ka ce "maza ƴan'uwana nake sha'awa". Ka ci gaba da yi wa kanka magana da wannan harshe. Ya rage ka daina ɗaukar cewa wannan abu ɗaya ya shafe sauran: ɗan da ke kai wa uwarsa cefane, mai sana'ar da ke sa ɗaki cike da mutane su yi tsit. Ya rage kuma a samu mutum ɗaya a duniya da ya san ka duka bai gudu ba. Ɗaya ya isa a fara. Ka zaɓe shi a hankali: wanda ka taɓa ba ƙaramin sirri ya riƙe, wanda ba ya kawo maka asirin wasu, wanda ba kwa shan ƙwaya tare. Yau ka gaya wa mutum na farko, ga shi kuma ina kiranka ƙanena.

Game da sana'arka, na san abin da kake tsoro ko da ba ka rubuta ba: kana jin in babu ƙwaya ba za ka iya tsayawa gaban kyamara ba. Makonnin farko za ka ji muryarka tana rawa, kalmomi suna ɓace maka, wannan gaskiya ne, shi ya sa ya fi kyau ka ɗauki hutu daga lokeshin na wata ɗaya ko biyu. Amma ka yi shekaru kana wasa kafin ka san tramol, gwanintar taka ce. Faɗuwar gaba kafin a fito kowane ɗan wasa yana da ita, kuma tana sauka da kanta bayan ƴan mintuna idan an bar ta. Da ka koma, ka ci abinci kafin aiki, ka ƙi aikin kwana biyu ba barci, ka san tun daga gida abin da za ka ce wa mai miƙo maka a bayan fage: "Likita ya hana ni, tana kada ni." Babu mai musu da wannan tun da sun ga faɗuwarka. Idan kuma aka ba ka rol ɗin ɗan daudu don a yi dariya, ka ga yana ƙona maka rai har sai ka sha kafin ka iya, kana da ikon cewa a ba wani. Daudu da abin da kake ji ba lalle su zama abu ɗaya ba, amma ka san wa ake yi wa dariyar, kuma zuciyarka ta sani.

Daga gobe ka sami ƙaramin littafi. Duk lokacin da ka sha, ka rubuta ƙarfe nawa, guda nawa, da abin da ya faru kafin nan a kalma ɗaya ko biyu, kamar "fada", "Inna", "aiki", ba suna ba bayani, yadda ko ya faɗa hannun wani ba zai gane komai ba. Kada ka ƙara, kada ka yanke, diyazefam kuma kada ka haɗa ta da giya ko sau ɗaya. Kada ka jira littafin ya cika kafin ka je asibiti, ka je cikin makon nan da abin da ka rubuta. Bayan ka ga likita ka sake rubuto mini, ka gaya mini nawa ya ce a fara ragewa, da kalmar da ta fi yawa a littafin.